Latsa waya da sunan hutu: Tatsuniyar da ba ta da ƙurungus

A 'yan shekarun nan kalmar "hutu" ta sami sabuwar ma'ana a bakin mutanenmu. Idan ma'aikaci ya dawo daga ofis, ko ɗan kasuwa ya rufe rumfa, ko ɗaliba ta fito daga ɗakin jarrabawa, ko uwargida ta sauke tukunyar dare, ka ji an ce "bari in ɗan huta", da wuya ka ga an miƙe ƙafa an lumshe ido. Abin da ke biyo baya shi ne a laluba aljihu ko jaka a fito da waya. Minti goman da aka yi niyya sai ya zama sa'a biyu, a ƙarshe a tashi da sagewar wuya da raɗaɗin ido, ana mamakin inda lokacin ya shige.

Tambayar da nake son mu duba tare da mai karatu a wannan mako ita ce: shin zama a gaban allon waya, ko na talabijin, ko na kwamfuta, yana hutar da mutum kuwa? Ba na cikin masu ganin waya a matsayin annoba, kuma ba na goyon bayan masu cewa babu abin damuwa. Matsayina shi ne allo yana iya hutar da mutum, amma bisa sharuɗɗa uku: abin da ake kallo ya kasance yana da ƙarshe, mai kallo ya zama shi ya zaɓe shi, sannan kada ya ci lokacin barci. Matsalar ita ce mafi yawan abin da ke cikin wayoyinmu a yau an ƙera shi ne don ya karya waɗannan sharuɗɗa duka ukun.

Mene ne hutu tukuna?

Harshen Hausa ya riga ya rarrabe abubuwan da muke cakuɗawa. Akwai hutawa, akwai shaƙatawa, akwai ɗebe kewa, akwai shagala, akwai kuma kashe lokaci. Wanda ya huta yakan tashi da ƙarfin da bai zauna da shi ba. Wanda ya shagala kuwa mantawa kawai ya yi da gajiyarsa na ɗan lokaci, tana nan tana jiransa a bakin ƙofa.

Masana halayyar ma'aikata sun isa ga irin wannan rarrabewa ta hanyar bincike. A shekarar 2007 Sabine Sonnentag da Charlotte Fritz sun fitar da abubuwa huɗu da ke sa mutum ya farfaɗo bayan aiki. Na farko, ya cire aikin daga ransa gaba ɗaya. Na biyu, jikinsa da zuciyarsa su lafa. Na uku, ya yi wani abu da zai ƙara masa ƙwarewa ko ya ba shi ƙalubale mai daɗi, kamar koyon sana'a ko wasan motsa jiki. Na huɗu, ya ji cewa shi ke da iko da lokacinsa. Idan muka ɗora latsa waya a kan wannan sikeli za mu ga tana iya samar da na farko, domin tana mantar da mutum abin da ya baro. Sauran ukun kuwa sun dogara ne ga abin da aka buɗe da kuma yadda aka rufe shi.

Wannan muhawara ta girmi wayar hannu. Tun a shekarun 1970 da 1980 wasu masana biyu a Amurka, Robert Kubey da Mihaly Csikszentmihalyi, suka riƙa ba mutane wata 'yar na'ura mai ƙara, wadda takan yi kuka sau da dama a rana ba tare da sanarwa ba, duk lokacin da ta yi kuka sai mutum ya rubuta abin da yake yi da yadda yake ji. Sun gano cewa masu kallon talabijin da gaske suna jin sun saki jiki yayin da suke kallo. Sai dai da zarar an kashe akwatin wannan natsuwa takan gushe, ta bar kasala da mutuwar jiki. Waɗanda suka yi wasanni ko wani aikin sha'awa kuwa sukan tashi da kyautatuwar yanayi. Sun kuma lura cewa gwargwadon tsawon zaman kallo, gwargwadon raguwar jin daɗinsa. Ke nan mutum yakan ci gaba da kallo saboda gudun abin da zai ji idan ya kashe, ko da daɗin ya riga ya ƙare.

Nishaɗin da yake da ƙofar fita

Wani abu da ba mu cika lura da shi ba game da nishaɗin da muka gada shi ne kowanne yana da ƙofar fita. Mai ba da tatsuniya takan fara da "ga ta nan, ga ta nan ku", idan ta kai ƙarshe ta ce "ƙurungus", yara su san an gama, kowa ya nemi shimfiɗarsa. Wasan dandali yakan watse idan dare ya yi. Hirar majalisa tana da lokacin tashi. Masu zuwa sinima a Kano ko Kaduna ko Jos don kallon fim ɗin Indiya sun san komai tsawonsa za a kunna fitila a buɗe ƙofa. Hatta talabijin ta shekarun 1980 da yamma take buɗewa, a kalli Samanja ko Karkuzu, a saurari labarai, idan dare ya raba a sa taken ƙasa a rufe tasha. Ko kana so ko ba ka so, an sallame ka.

Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne an toshe wannan ƙofa, kuma da gangan aka toshe ta. A shekarar 2006 wani mai tsara manhajoji mai suna Aza Raskin ya ƙirƙiro salon shafin da ba ya ƙarewa, wanda duk lokacin da ka ja shi da yatsa sai wani sabon abu ya ɓullo daga ƙasa. Daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadamarsa kan yadda aka yi amfani da ƙirƙirar tasa. A kan wannan salo ne Facebook da Instagram da TikTok da X suke tafiya. YouTube da Netflix kuwa sukan kunna maka bidiyo na gaba tun kafin ka yanke shawarar ko kana so. A shekarar 2017 shugaban Netflix na lokacin, Reed Hastings, ya faɗa a fili cewa barci yana cikin abokan gasar kamfaninsa.

Akwai kuma wata dabara da ta fi wannan tsufa. Masanin halayyar nan B. F. Skinner ya nuna tun a shekarun 1950, ta hanyar gwaji da tantabaru, cewa idan kana ba tsuntsu tsaba duk lokacin da ya cakki maɓalli, zai daina da zarar tsabar ta yanke. Amma idan wani lokaci ya samu, wani lokaci bai samu ba, kuma bai san yaushe zai samu ba, to zai yi ta caka ba ƙaƙƙautawa. A kan wannan ƙa'ida injinan caca suke aiki. Haka nan mai jan allon waya: bidiyo tara ba su da wani amfani, na goma ya sa shi dariya, sai ya ci gaba da ja yana neman wani na goman. Kamfanonin talla suke sayarwa, kuma kuɗin talla yana ƙaruwa ne da yawan mintocin da idonka ya yi a kan allo. Hutunka ba ya cikin lissafinsu.

Abin da ido ke kwasa

Sharaɗi na biyu shi ne zaɓi. Wanda ya zauna ya kalli Daɗin Kowa ko Labarina ya san abin da ya zo nema. Wanda ya buɗe shafin sada zumunta kuwa bai san abin da zai tarar ba. Cikin minti biyar zai iya ganin barkwanci, da sanarwar rasuwa, da cacar baki kan siyasa, da hoton bikin wani attajiri, da bidiyon gawarwakin mutanen da 'yan bindiga suka kashe a wani ƙauye. Zuciya ba ta gama da ɗaya ba an jefo mata wani.

Wannan na ƙarshe ya fi damuna, domin ya shafe mu kai tsaye. Bayan harin bam da aka kai wurin gasar gudun fanfalaki a birnin Boston na Amurka a watan Afrilun 2013, Alison Holman da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya sun yi wa sama da mutum 4,000 tambayoyi. Sun gano cewa waɗanda suka riƙa kwashe sa'o'i shida ko fiye a kullum suna bin labarin harin a kafafen watsa labarai sun nuna alamun firgici da damuwa fiye da waɗanda suke wurin ko kusa da wurin lokacin da abin ya faru. Dalili kuwa shi ne wanda abin ya rutsa da shi sau ɗaya ya gani, mai kallo kuwa maimaita masa ake yi. To ina ga al'ummar da ta shafe shekara da shekaru ana turo mata irin waɗannan hotuna a zaurukan WhatsApp, daga Borno zuwa Zamfara, ba tare da tacewa ko gargaɗi ba? Sanin halin da ƙasa take ciki wajibi ne, amma wanda ya kalli irin wannan bidiyo a kan gado da ƙarfe sha ɗayan dare bai huta ba. An yi gudun gara ne an faɗa gidan zago.

Sannan ita wayar da ake neman hutu a cikinta, a cikinta aikin yake. Saƙon shugaban ma'aikata, da na mai bin bashi, da na abokin ciniki, da na malamin da ya sauya lokacin lacca, duk ta ƙofa ɗaya suke shigowa da barkwancin. A dā idan ma'aikaci ya bar ofis ya bar aiki sai gobe. Tun da wayar salula ta fara yaɗuwa a Najeriya a shekarar 2001, musamman bayan yaɗuwar WhatsApp, ofis ya biyo mutane har ɗakin kwana. Ƙasar Faransa ta ga girman wannan matsala har ta yi doka da ta fara aiki a farkon 2017, wadda ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin kashe na'urorin aiki bayan an tashi. Gloria Mark, wadda ta daɗe tana auna yadda mutane ke amfani da kwamfuta, ta gano cewa a 2004 mutum yakan yi kimanin minti biyu da rabi a kan abu ɗaya kafin ya koma wani, a 'yan shekarun nan kuwa lokacin ya ragu zuwa kimanin daƙiƙa 47. Ta kuma ga cewa yawan tsalle-tsallen nan yana tafiya tare da ƙaruwar damuwa. Hankalin da ke sauya wurin zama duk bayan ƙasa da minti ɗaya ta yaya zai lafa?

Bashin barci

Sharaɗi na uku shi ne barci, wanda shi ne uban dukkan hutu. A shekarar 2015 wasu masu bincike a wani asibitin koyarwa na Jami'ar Harvard sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da mutum 12. Sun sa su karatu na kimanin sa'o'i huɗu kafin kwanciya, dare biyar a kan allon iPad, dare biyar kuma a littafin takarda. A dararen allo, sinadarin melatonin da ke sanar da jiki cewa dare ya yi ya ragu, barci ya yi jinkirin zuwa da kusan minti goma, agogon jiki ya ja baya da fiye da sa'a guda, kuma da safe sun fi jin magagi.

Gwajin ƙarami ne, kuma an ƙure hasken allon, don haka bai kamata a ɗora wa haske laifin duka ba. A ganina babbar ɓarnar ta fi wannan sauƙin ganewa: lokacin da aka ba waya daga barci aka yanko shi. Mutumin da zai tashi da asuba, idan ya kai ƙarfe ɗayan dare yana kallo, sa'o'i huɗu ne suka rage masa, alhali likitoci suna ba babba shawarar ya sami aƙalla bakwai. Washegari zai wuni a gajiye, da dare gajiyar ta hana shi yin komai sai latsa waya, wayar ta sake cinye daren. Direban da ya ɗauki fasinja daga Kano zuwa Abuja da irin wannan bashi a kansa, ba shi kaɗai zai biya ba.

A yi wa allo adalci

Duk da haka, zalunci ne a ce babu alheri a allo. A shekarar 2019 Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford sun nazarci bayanan matasa sama da 350,000 na Amurka da Birtaniya. Sun sami alaƙa tsakanin yawan amfani da na'urori da raguwar walwala, amma ƙarama ce ƙwarai, ba ta bayyana ko da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin matasan ba. Samun isasshen barci da yin karin kumallo sun fi ta tasiri nesa ba kusa ba. Wasu masana, irin su Jean Twenge da Jonathan Haidt, suna ganin illar ta fi haka, musamman ga 'yan mata, kuma har yanzu ana tafka muhawara. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne ƙirga sa'o'i kaɗai ba ya ba da amsa. Sa'a guda ta hirar bidiyo tsakanin uwa a Katsina da ɗanta da ke karatu a Masar ba daidai take da sa'a guda ta zage-zage a ƙarƙashin wani rubutu ba, ko da yake agogon waya lissafi ɗaya zai yi musu.

Mu duba gidan kallon ƙwallo. Allo ne, amma wasa minti 90 ne, mai kallo ya san ƙungiyar da ya zo gani, yana tare da abokai ana ihu ana tsokana, alƙalin wasa ya busa kowa ya kama gabansa. Haka iyalin da suka taru a tsakar gida suna jiran shirin da ake nunawa mako-mako. Haka mai jinya da ke kwance, da matar da hidimar gida ta tsare, da mazauna garuruwan da rashin tsaro ya hana su fitar dare. Ga waɗannan, waya taga ce, kuma wanda bai taɓa shiga halinsu ba bai kamata ya yi musu gori ba.

Akwai ma binciken da ya nuna cewa gorin kansa yana ɓata hutu. Leonard Reinecke na Jami'ar Mainz a Jamus da abokan aikinsa sun tambayi mutum 471 game da kallon talabijin da wasannin kwamfuta bayan aiki, suka wallafa sakamakon a 2014. Waɗanda suka fi gajiya su ne suka fi ganin kallon a matsayin ɓata lokaci, suka fi jin sun yi laifi, kuma wannan jin laifin ya rage musu amfanin da za su samu. Darasin shi ne idan ka yanke shawarar kallon fim, ka kalle shi da zuciya ɗaya. Kallon da aka yi da niyya yana hutarwa. Wanda aka zame aka faɗa cikinsa, ana yi ana tsaki, shi ne yake barin mutum a inda ya same shi ko ƙasa da nan.

Me ke faruwa idan aka rage?

An gwada. A 2018 Melissa Hunt ta Jami'ar Pennsylvania ta raba ɗalibai 143 gida biyu, aka taƙaita wa rukuni ɗaya Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti goma-goma a rana har tsawon mako uku. Waɗanda aka taƙaita wa sun sami raguwar kaɗaici da ƙuncin rai. A wannan shekarar kuma wasu masana tattalin arziki na jami'o'in New York da Stanford sun biya mutane kuɗi don su rufe Facebook na mako huɗu. Kowannensu ya sami rarar kimanin sa'a guda a rana, sun ƙara zama da iyali da abokai, walwalarsu ta ɗan ƙaru, ko da yake saninsu na labarai ya ragu. Da aka gama gwajin, da yawansu ba su koma amfani da shi kamar dā ba.

Me ya sa ragewar take da wuya? Wani gwaji da Timothy Wilson na Jami'ar Virginia ya wallafa a 2014 ya ba da haske. An bar mutane su kaɗai a ɗaki na minti 15, babu waya babu littafi, sai wani maɓalli da ke ba da ɗan jan lantarki mai zafi. Maza 12 cikin 18 da mata 6 cikin 24 sun gwammace su ja wa kansu lantarkin da su zauna shiru da tunaninsu. Ashe abin da muke gudu sau da yawa shi ne zama da kanmu. Waya ta zo ta tarar da wannan rauni ne, ta kuma iya cinikinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Mu mayar da ƙurungus

Tunda masu ƙera manhajoji sun cire ƙarshen, ya rage namu mu mayar da shi da hannunmu. Kafin ka ɗauki waya da sunan hutu, ka faɗa wa kanka abin da za ka kalla da lokacin da za ka ajiye. Ka fifita abu ɗaya mai tsawo da ke da farko da ƙarshe a kan guntaye ɗari. Ka kashe kunna-kai na bidiyo, ka kashe ƙarar sanarwar da ba ta zama dole ba, ka hana WhatsApp sauke hotuna da bidiyo sai da izininka. Wannan ma zai rage maka kuɗin data, wanda ya ƙara tsada tun bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Labaran tashin hankali a bi su da rana, daga kafar da aka amince da ita, kuma a daina tura hotunan gawarwaki, don mutuncin mamatan da lafiyar masu rai. Waya ta kwana nesa da matashin kai.

Shugabannin ma'aikatu da malaman jami'a su ma suna da rabonsu: saƙon da zai iya jiran safiya a bar shi sai safiya. Iyaye kuma su tuna da shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2019, cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allo, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce sa'a guda a rana. Yaron da duk lokacin da ya yi kuka aka miƙa masa waya, ana koya masa ne cewa ba zai iya lallashin kansa ba, kuma da wannan darasi zai girma.

Daga ƙarshe, babu buƙatar jiran wani masani ya yanke mana hukunci, domin jiki magayi ne. Duk lokacin da ka ajiye waya, ka tambayi kanka: na fi ƙarfi yanzu ko kafin in ɗauka? Zuciyata ta fi sanyi ko ta fi zafi? Zan iya tuna abu uku daga abin da na gani? Idan amsar ta yi daɗi, ka huta, kuma babu wanda ya isa ya zarge ka. Idan ba ta yi ba, to gajiyarka tana nan yadda ka bar ta, ga ƙarin sa'o'in da aka karɓe maka aka sayar wa masu talla.